Maharbin Ɓoye Da Lamirinsa: Wanda Ya Fi Gani Shi Ya Fi Alhaki

 

Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wata uwa ta kawo gaban dattawa bayan an tashi daga sujada. Ɗanta soja ne. Ya yi horonsa a Zariya kamar yawancin 'ya'yanmu, ya kuma yi aiki a Arewa maso Gabas. Ya aiko mata da labari cewa an zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa harbin ɗauki ɗai-ɗai daga nesa, saboda kaifin idonsa da natsuwarsa. Da fari ta yi murna, a ganinta ci gaba ne. Amma da wani tsohon soja maƙwabcinsu ya ji, sai ya yi shiru, can ya ce mata, "Ƙanwata, soja yaƙi yake yi. Wannan kuwa kisa za a koya masa." Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Ta ce wa dattawa, "Iyayena, ku gaya mini gaskiya, idan ya dawo, ɗana mai kisankai ne?"

Tambayar ba tata ba ce ita kaɗai. Da wuya ka sami ikkilisiya a yankinmu da ba ta da ɗa ko jika a bariki. Saboda haka muka ga ya dace mu yi tunani a kanta tare, a fili.

Wane ne maharbin ɓoye?

Soja ne da aka ba horo na musamman, aka ba shi bindiga mai madubin hangen nesa. Yawanci su biyu ne suke tafiya, ɗaya yana harbi, ɗaya yana duba masa nisa da kaɗawar iska. Sukan laɓe a wuri guda awoyi da yawa, wani lokaci har kwana da kwanaki, ba motsi, ba tari. Daga mita 600, ko 800, ko fiye da kilomita guda, yana iya samun mutum da harsashi ɗaya. Yawancin lokacinsa a kallo yake ƙarewa, yana aika wa shugabanninsa labarin abin da ya hango. Idan zai yi harbi kuwa, zaɓa yake yi: kwamandan abokan gaba, ko mai riƙe da babbar bindiga, ko mai binne bam a hanya, ko wani maharbin ɓoye irinsa.

Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan hali ba ne. Labarin baka ya ce maharba ne suka fara zama a Kazaure, ƙarƙashin wani mai suna Kutumbi. Kowa ya taɓa ganin maharbi yana kwanton ɓauna a bakin ruwa ya san irin haƙurin da ake nufi. Bambancin kawai shi ne, abin da wannan yake jira ya fito ɗan Adam ne.

Yadda sauran sojoji suke kallonsa

Tsohon sojan nan ba shi ya ƙirƙiro maganarsa ba. Ko'ina a duniya, soja na ƙasa yana yi wa maharbin ɓoye kallo iri biyu.

Idan na abokan gaba ne, tsoro da ƙiyayya ne zalla. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun gamu da maharban Japan masu laɓewa a kan itatuwa cikin kurmi. Har yau akwai barikin Cindit a Zariya don tunawa da wannan yaƙi. Mutum yana tafiya da abokinsa, sai kawai abokin ya faɗi, ba a ga wanda ya harbe shi ba, ba a san inda za a mai da martani ba. Irin wannan mutuwa tana cin zuciya fiye da ruwan harsasai a fagen daga. Shi ya sa a Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, sau da yawa idan aka kama maharbin ɓoye ba ya kai wa sansanin fursunoni. Nan take ake gamawa da shi, ko da ya ɗaga hannu.

Idan kuma nasu ne, sai ka ga ana ɗari-ɗari da shi. Suna bukatarsa, domin shi yake kawar musu da wanda ya hana su ɗaga kai. Amma ba su cika sakin jiki da shi ba. Ba ya kwana inda suke kwana, ba ya shan wahalar da suke sha tare. Yakan zo ya yi harbinsa ya tafi, sa'an nan ramuwar abokan gaba ta sauka a kan waɗanda aka bari a wurin. A yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka sun yi wa nasu maharban laƙabi mai ma'anar kamfanin kisankai. Nasu ne fa, rigarsu ɗaya, tutarsu ɗaya.

Tsohuwar gaba ce

Wannan ƙyama ta girmi bindigar zamani. A ƙasar Hausa, kirari da tambari na barde ne, mai doki da lifidi, wanda yake tunkarar abokin gaba ido da ido. Ɗan baka mai kibiya da dafi a ƙasa yake, talaka ne, ba a cika jin sunansa ba. Alhali kuwa a Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A 1826 kuma, Baturen nan Kyaftin Clapperton yana tare da rundunar Sarkin Musulmi Bello lokacin da ta kewaye Konya, inda Gobirawa suke. Ya rubuta cewa bindiga guda ɗaya mutanen garin suke da ita, amma mai ita ya kayar da na gaban masu lifidi daga kan dokinsa. Mutum ɗaya a bayan ganuwa ya mai da lifidi da doki da zuriya ba komai ba. Ba mamaki masu doki su tsane shi.

A ƙasar Turai ma haka aka yi. A shekara ta 1139, babban taron ikkilisiya da aka yi a Roma, wanda ake kira taron Lateran na biyu, ya hana a yi amfani da 'yan baka da masu baka mai maɗauri a kan Kirista. Dokar ba ta yi tasiri ba, kuma dole mu faɗi gaskiya, doka ce mai son kai, gama ba ta kāre wanda ba Kirista ba, sai ka ce ransa ba rai ba ne. Shekara 60 bayan haka, a 1199, Sarki Richard na Ingila ya mutu da harbin irin wannan baka daga kan ganuwar wani gari a Faransa. Marubutan zamanin sun ce sarkin ya yafe wa maharbin kafin ya cika, amma da ya mutu sai mutanensa suka yi wa maharbin kisan wulakanci.

Idan muka duba da kyau, wani ɓangare na wannan ƙyama girman kai ne na masu doki. Amma ba duka ba ne. Akwai wani abu a ƙarƙashinta da ya fi wannan nauyi.

Abin da yake damunsu a gaskiya

Soja na ƙasa yana da mafaka biyu a lamirinsa. Ta farko: "Da ban harbe shi ba, da ya harbe ni." Ta biyu: "Dukanmu muka yi harbi, ban san harsashin wa ya same shi ba." Wannan mafaka ta biyu tana da ƙarfi ƙwarai, har a waɗansu ƙasashe idan za a zartar da hukuncin kisa ta hanyar harbi, akan sa wa bindiga ɗaya harsashin da ba ya kisa, domin kowane cikin masu harbin ya iya cewa watakila tasa ce.

Maharbin ɓoye ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Wanda yake nufa bai san da shi ba, sau da yawa ba ya yi masa barazana a wannan lokacin. Watakila shayi yake sha, ko yana ɗaure takalmi. Maharbin ya ga fuskarsa, ya ga yadda yake dariya, sa'an nan ya ja kunamar bindiga, ya kuma ga faɗuwarsa. Ba shakka, ba ruɗani. A 2005 waɗansu masana biyu na Isra'ila, Neta Bar da Eyal Ben-Ari, suka buga binciken da suka yi ta hanyar hira da maharban ɓoye na ƙasarsu. Sun tarar cewa da yawansu ba su ɗauki waɗanda suke harbi dabbobi ba, suna sane sarai cewa mutane ne. Madubin bindiga ba ya nisanta mutum, kusantar da shi yake yi.

To, a nan ne ra'ayinmu yake. Sojoji suna guje wa maharbin ɓoye domin yana nuna musu a fili abin da hayaƙi da ƙara suke rufe musu, wato yaƙi ɗauke ran mutum ne mai uwa da uba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai harba igwa daga kilomita goma, da matuƙin jirgin da yake sakin bam daga sama, ba su ga fuskar kowa ba, amma abin da suke saki ba ya tambayar wane ne soja, wace ce mai goyo. Mun ga wannan a ƙasarmu: a watan Janairu 2017 jirgin yaƙi ya saki bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno, a watan Disamba 2023 kuma jirgi marar matuƙi ya hallaka masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. Mutane da dama suka mutu a kowane. Harsashi ɗaya da aka auna a kan mai ɗauke da makami ya fi wannan kusa da adalci, ba nesa ba.

Nisa da ɓuya ba su ne zunubin ba

Littafi Mai Tsarki bai hukunta harbi daga nesa ba. Dawuda bai shiga kokawa da Goliyat ba, daga nesa ya same shi da majajjawa. Littafin Alƙalawa sura 20 ya ambaci bahagwai 700 na kabilar Biliyaminu waɗanda ba sa kuskure da majajjawa. Da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma cikin Luka sura 3, bai umarce su su tuɓe kaki ba, amma ya gargaɗe su a kan ƙwace da sharri da kwaɗayi.

Dokokin yaƙi na duniya ma haka suka tsaya. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, da ƙarin da aka yi musu a 1977 wanda Nijeriya ta amince da shi a 1988, ba su haramta laɓewa ko ɓad da kama da ganye da ƙasa ba. Wannan dabarar yaƙi ce. Abin da suka haramta shi ne yaudara irin ta cin amana, kamar mutum ya ɗaga farar tuta ko ya yi kamar ya ji rauni domin a matso ya yi kisa. Sun haramta nufin farar hula. Sun haramta harbin wanda ya miƙa wuya, ko wanda rauni ya kwantar, ko mai aikin jinya.

Amma kada wani ya ɗauka mun wanke maharbin ɓoye tas. Akasin haka muke nufi. Tun da ya fi kowa gani, ya fi kowa alhaki. Mai igwa yana iya cewa kuskure ne. Shi kuwa da ya ga yaro a madubi, ya ga tulu a kan mace, ba shi da wannan hujja a gaban mutum, balle a gaban Allah.

Inda aka ƙetare iyaka

Birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya ya zauna a kewaye daga 1992 zuwa 1996. Maharban ɓoye a kan tuddai da dogayen benaye suka riƙa ɗauke mutane ɗai-ɗai, masu ɗibar ruwa, masu shiga motar haya, yara masu wasa. Babban titin birnin har laƙabi aka yi masa da sunan maharban. A 2003 kotun duniya da ke Heg ta sami Janar Stanislav Galic da laifi a kan wannan, ta ɗaure shi shekara 20, a 2006 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta mai da shi ɗaurin rai da rai. Ku lura, janar aka ɗaure, wanda ya ba da umarni.

A ranar 16 ga Disamba 2023, an harbe wata uwa da 'yarta a harabar majami'ar Katolika ta Iyali Mai Tsarki a Gaza, inda Kiristocin wurin, 'yan tsiraru kamarmu, suka fake. Ofishin babban limamin Katolika na Urushalima ya ce maharbin ɓoye na sojan Isra'ila ne ya yi harbin, Fafaroma Francis kuma ya yi Allah wadai da abin a fili. Sojan Isra'ila sun ce ba sa nufin farar hula. Ko ma wane ne ya ja kunamar, wanda ya duba madubi ya ga tsohuwa a harabar majami'a ya san ba mayaƙi ya gani ba.

A gida kuma akwai wani haɗari dabam. A watan Disamba 2013 tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya rubuta wa shugaba Goodluck Jonathan wasiƙa, a ciki ya yi zargin ana horar da maharban ɓoye a asirce, an kuma sa mutum fiye da 1,000 cikin jerin waɗanda ake sa wa ido saboda siyasa. Shugaba Jonathan ya musanta. Ba mu ne za mu raba gardamar ba. Abin lura shi ne yadda hankalin 'yan ƙasa ya tashi, domin kowa ya gane cewa bindigar da aka yi don fagen daga, in aka juyo da ita cikin gari, ta zama kayan aikin mai kashe abokin hamayya.

A nan labarin Uriya Bahitte yake da darasi. 'Yan baka ne daga kan ganuwa suka yi harbi ranar da ya mutu, amma da annabi Natan ya zo, ba su ya nema ba. Fada ya nufa, wurin Sarki Dawuda wanda ya rubuta takardar. Mai ba da umarni ba ya tsira domin hannunsa bai taɓa bindiga ba. Wanda aka umarta kuma ba ya tsira da cewa an sa shi ne, idan abin da aka sa shi haram ne a fili.

Wanda ya ga dama ya ƙi

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba. Mutumin da yake iya zaɓar wanda zai harba yana kuma iya zaɓar ya bari. A 1777, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, wani hafsan Birtaniya gwanin harbi mai suna Patrick Ferguson ya sami wani babban hafsan Amurka a cikin nisan bindigarsa, ya juya masa baya. Bai harba ba, daga baya ya ce ransa bai ba shi ya harbi bayan mutumin da yake aikinsa cikin natsuwa ba. Masana da dama suna ganin watakila George Washington ne. Dawuda ma ya sami Saul yana barci a sansani, Abishai ya roƙa a bar shi ya soke shi sau ɗaya tak, Dawuda ya hana.

Ba muna cewa kowane maharbi ya bar kowane abokin gaba ya wuce ba. Wanda ya hango mai binne bam a hanyar kasuwa ya ƙyale shi, jinin matafiya yana wuyansa. Abin da muke cewa shi ne, aikin yana bukatar mutumin da lamirinsa yake a raye, wanda yatsansa ya iya dakatawa kamar yadda ya iya ja. Sojanmu ma sun taɓa rubuta wannan. A farkon yaƙin basasa a 1967, Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya fitar da ƙa'idar aiki ga sojojin tarayya: kada a taɓa yara da mata masu ciki, kada a kashe wanda ya miƙa wuya, kada a ƙazantar da majami'a ko masallaci. Duk da haka a watan Oktoba na shekarar aka kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba. Doka a takarda ba ta hana komai in babu ita a zuciya. Zuciyar kuwa a gida da ikkilisiya ake gina ta, tun kafin yaro ya ga ƙofar bariki.

Abin da muke roƙo

Na ɗaya, ga iyaye. Amsar da muke ba uwar nan ita ce, horon da aka ba ɗanki bai mai da shi mai kisankai ba. Soja ne a ƙarƙashin hukuma, aikinsa kāre rayuka ne. Abin da zai iya mai da shi mai kisankai shi ne ya harbi wanda ya san ba mayaƙi ba ne. Ki yi masa addu'a a kan wannan, ki kuma faɗa masa da bakinki.

Na biyu, ga 'ya'yanmu da ke cikin kaki. Kada ku riƙa ƙidayar waɗanda kuka kashe kuna taƙama. Ranar da mutuwar mutum ta daina yi muku nauyi, ku nemi taimako da sauri. Idan kun yi shakkar abin da kuka gani a madubi, ku dakata. Idan kuma kuka kama maharbin abokan gaba ya ɗaga hannu, fursuna ne, komai zafin da kuke ji na abokanku da ya kashe. Ramuwa ba taku ba ce.

Na uku, ga matasanmu. Finafinai da wasannin waya sun mai da wannan aiki abin sha'awa, a danna, mutum ya faɗi, a ƙara maki. Shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi su zauna da su, su bayyana musu cewa kowane wanda ya faɗi a zahiri yana da gida da ake jiran dawowarsa.

Na huɗu, ga fastoci da dattawa. Idan irin wannan soja ya dawo gida, kada mu yi masa abin da 'yan'uwansa sojoji suke yi masa, wato a mora shi sa'an nan a guje shi. Kada kuma mu tsai da shi gaban jama'a muna tafa masa kamar zakaran kokawa. Kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe. A ba shi wurin zama, a ba shi kunne a keɓe, a haɗa shi da likita idan barci ya gagare shi ko ya fara neman mafaka a giya da ƙwaya. Fuskokin da ya gani suna nan tare da shi, zai kuma daɗe yana ɗauke da su.

Na biyar, ga shugabanni masu ba da umarni. Muna yi muku addu'a kullum kamar yadda aka koya mana. Muna kuma tuna muku cewa waɗannan yara amana ce iyaye suka ba ƙasa. Kada a juya bindigarsu kan masu zanga-zanga, ko masu ibada na kowane addini, ko abokan hamayyar siyasa.

Tsohon sojan nan ya faɗi rabin gaskiya, gama lalle aikin ɗaukar rai ne, ba kuwa abin wasa ba ne. Sauran rabin shi ne, nasa aikin ma haka yake, sai dai shi Allah ya rufa masa asiri bai ga fuskokin ba. Maimakon ya tsorata uwar, da ma ya nemi lambar yaron ya kira shi, gama ba wanda zai fahimce shi kamar wanda ya taɓa kwana a rami.

Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu da ke bakin daga, Kirista da Musulmi, ya ta'azantar da iyalan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ranar da ba za a ƙara bukatar wannan aiki ba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.